Ƙafa ta Uku

A ɗaki na bakwai, bayan layin dogo, Agege,
na shimfiɗa jarida, na kifar da akwatin,
hanjinsa a waje kamar kifin da aka feɗe.
Wata biyar ina haɗa shi.
Gangar jikin tsohuwar rediyo ce daga Alaba,
bawul uku, Ikenna ya rantse har da taɓa ƙasa sababbi ne,
sifika kuwa daga wata mota da ta mutu a Oshodi.

Mamurɗi biyu na dasa masa a goshi.
Na hagu shi ke ba wa jita haƙora,
na dama shi ke yanke iya inda muryar za ta kai.
Na hagu yana jin magana.
Na dama kunnen ƙashi gare shi:
in na mayar da shi baya har sifiri
amon na nan daram,
sai dai ya ɗan sunkuyar da kai,
irin na wanda ake bi bashi kuma ba shi da niyyar biya.

Iya Dotun ta buga bango sau uku.
"Sagiru, jikana na barci,"
cikin Hausarta ta cinikin tattasai.
Na ce mata yanzu, yanzun nan.
Kwana huɗu ke nan ina cewa yanzu.

Marigayi Malam Tanimu, wanda ya koya mini riƙon dalma,
kullum maganarsa ɗaya:
hannu guda a aljihu, yaro,
wutar da ta kwanta cikin kandensa
ba ta da labarin ka zare soket.
Na sauke ta. Na jira. Na sake aunawa.

Na zargi bawul na farko, na musanya shi, ba shi ba ne.
Na zargi Ikenna.
Na fesa wa mamurɗin magani har ya yi hawaye.
Na ɗora masa mita, ƙafa ta ɗaya da ta uku,
allura ta ce lafiyarsa lau.
Na bi zanen da yatsa kamar mai bin sawun akuya,
jar waya ta shiga nan, ta tsakiya ta fita can,
komai a inda aka ce.

Sai aka ɗauke wuta.

Na zauna a duhu da burodi da wake,
ruwa na dukan kwano,
ina tunanin kuɗin da ya kamata in aika Gusau
da na mayar da su gilashi da tagulla.

Ƙarfe goma sha ɗaya yaran layi suka yi ihu, ta dawo.
Bawul suka yi ja a hankali, kamar garwashin mai shayi.
Na ɗauki tsinken tsire, busasshe,
ina zungurar wayoyi ɗaya bayan ɗaya.
Wannan shiru. Wannan shiru.
Ƙafa ta uku, wadda ke sauka ƙasa,
na taɓa ta: ɓarrr, amon ya faɗi, ya tashi.

Ashe nan ne.
Dalmar ta yi toka-toka, ta dunƙule,
ta zauna a kan ƙafar amma ba ta kama ta ba,
danshin Legas ya bi ta ƙarƙashi ya yi gida.
Mita ta auna mamurɗin, ba ta auna riƙon ba.
Kuma ni na ɗiga ta, da hannuna, ranar wata Laraba ina sauri.
Ikenna, ka yafe ni.

Na kashe, na sauke wutar, na kankare,
na narka sabuwa, ta kwanta tana ƙyalli.
Hayaƙinta ya shiga idona.

Na kunna. Na murɗa na dama zuwa sifiri.

Ba komai.

Na ji digar ruwa a bokiti.
Na ji kwandastan danfo can titi, muryarsa ta dishe, yana kiran Iyana Ipaja.
Na ji tarin jaririn ta bango.

Na kai na hagu ƙarshe, haƙora duka a waje,
na ɗaga na dama kamar faɗin farce,
na taɓa tsirkiya ɗaya.
Ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, iya ni da ita.

Na saurari bangon.
Ba a buga ba.